Gurbin da Aka Ajiye wa Elwood

Verna Pruitt ta yi shekara talatin da ɗaya tana girki a makarantar firamare ta garinsu a Ohio, har babu magidanci a garin da bai ci dankalinta ba. Ba ta yi aure ba. Masu tsegumi sun ce zafin kai ne ya hana ta, ita kuwa cewa take ba ta samu sukuni ba. Gaskiyarta ne, domin jinyar uwa kaɗai ta cinye mata shekara ashirin.

Tana da shekara takwas wanta Elwood ya shiga sojan ruwa masu sauka gaɓa su yi yaƙi. Shekararsa goma sha tara aka harbe shi a bakin wani tsibiri a tekun Pasifik, a ƙarshen 1943. Takarda ta zo, gawa ba ta zo ba. Uwarsu ta kama wuri uku a maƙabartar coci, nata da na mijinta da na Elwood a tsakiya, aka kafa dutse mai sunansa a kan ƙasar da ba kowa a cikinta. Da za ta rasu ta riƙe hannun Verna ta ce kada a sa kowa a wurin sai ya dawo.

Duk ƙarshen watan Mayu, ranar da ake kai furanni kaburburan sojoji, Verna kan je ta share wurin. Gwiwa ta gaji, ido ya gaji, ita kanta ta gaji da jiran mutumin da ko muryarsa ta daina tunawa. Maƙabarta ta cika maƙil. Harlan mai kula da maƙabartar, wanda Verna ta sha ja wa kunne yana yaro, ya tare ta wata safiya.

"Mama Verna, wurin nan kaɗai ya rage kusa da tsofaffinki. Ke ina za mu kai ki?"

"Kai dai ka ƙosa ka binne ni, Harlan."

"Ni? Ai sai kin binne mu duka."

Ta yi shekara biyu tana juya maganar, sannan ta sa aka sassaƙa sunanta a ƙarƙashin na Elwood. Ranar ta ji kunyar uwarta, amma ta ji sanyi a ranta.

Ba a yi wata shida ba sojoji biyu suka zo da fararen hulunansu a hannu. An tono ƙasusuwa a tsibirin, suna son ɗan yawunta a gwada a ga ko na wanta ne. Ta buɗe baki aka goga auduga, ba ta sa rai da komai ba. Da bazara suka dawo suka ce shi ne.

Ta zauna a kujerar kicin ta yi kuka, kuma ba duka na murna ba ne. Harlan ya zo da yamma yana murza hula.

"Sai a kankare sunanki ke nan, Mama. Akwai sabuwar maƙabarta a bayan gari."

"Can cikin baƙi? Bar sunana inda yake."

"To wurin mutum ɗaya ne fa."

"Ku sa shi. In tawa ta zo, ku ƙone ni, ku tona kaɗan ta wajen ƙafarsa ku sa tokar. Ina ƙarama, lokacin sanyi wajen ƙafarsa nake lallaɓawa in kwanta, bai taɓa korata ba."