Jatau da Kuɗin Bunsuruna

Yarinyar da nake goyo a wancan lokacin, yanzu har ta fi ni tsawo, amma akwai wata rana da ko tsufa ya kwashe mini komai ba na jin zai iya kwashe ta. Ita ce ranar da likitan dabbobi ya zo gidanmu saboda karenmu Jatau. Har yau in na tuna sai dariya ta kama ni, daga baya kuma ɗan haushi ya biyo, don kuwa bunsuruna ne ya tafi a cikin lamarin.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ɗambatta, inda gonaki suke manne da juna. Iyakar gonarka da ta maƙwabcinka ɗan layin gamba ne kawai, in akuyarka ta miƙa wuya to a gonar wani take ci. Maigidana ya karɓo Jatau yana ɗan kwikwiyo bayan an kwance mana tumaki biyu a turke, kuma tun da ya girma ko kaza ba mu sake rasawa ba. Sai dai maigida mutum ne mai kaffa-kaffa da tufafin sallarsa. Da kare ya matso zai tattare riga yana cewa a kore shi, ban taɓa ganin ya tsaya ya dube shi da kyau ba. Ni ce kullum da safe nake kai masa ƙanzo a wani fasasshen kasko a bayan danga. Na san tafiyarsa, na san haushinsa, na kuma san kunnensa na hagu da wani kare ya yage masa.

Aibin Jatau guda ɗaya ne, shi ne yawon neman mata. Da kaka ta gabato sai ya manta da turke, ya manta da rumbu, ya bi uwa duniya. Ya kwana biyu ba a gan shi ba, sannan ya dawo a rame, jiki duk cizo, yana kaɗa wutsiya ko kunya babu. Sakamakon yawon nan kuwa kowa yana ganinsa, don rabin karnukan unguwarmu jajaye ne masu farin ƙirji irin nasa. Matan unguwa in mun haɗu a wurin biki har surukarsu suke ce mini.

Wasan ya ƙare ne a shekarar da maƙwabcinmu ya yi wake mai kyau. Wata safiya ya tarar karnuka sun yi kokawa a tsakiyar gonar, sun tumurmushe kunyoyi da yawa, waken da ya fara 'ya'ya duk ya kwanta. Ya rantse da idonsa ya ga jan kare a gaba yana jan ragamar sauran. Shi ma yana da nasa jan karen, amma wannan a wurinsa ba ya laifi, kullum cewa yake irin na farauta ne na asali. Ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka kira maigida, aka yanke magana: kafin a fara roron wake ko dai a yi wa Jatau fiɗiya ya zauna a gida, ko a miƙa shi ga masu sayen karnukan nan da suke zagayawa da keji a bayan babur. Babu wanda bai san inda karen da ya shiga kejin nan yake ƙarewa ba.

Maigida ya fara da neman hanya mai sauƙi. Ya je wurin wanzamin garinmu, wanzami ya tambaye shi ko da askar da yake yi masa aski yake so a yi aikin. Ya je wurin Bafillatanin da yake yi mana dandaƙar bunsuraye, shi kuma ya ce ya yi wa bijimi, ya yi wa rago, amma ba ya taɓa abin da yake da haƙora irin waɗannan. Ya rage sai likitan dabbobi na Ɗambatta. Da aka faɗa wa maigida abin da za a kashe, da na allura, da na magani, da na man babur, sai ya dawo gida yana salati. Ya ce shi kansa ya manta rabonsa da asibiti, ga gero ba a girbe ba, rumbu ya yi ƙasa, ba zai ɗauki kuɗin cefane ya kai wa kare ba. In keji ne rabon Jatau, to Allah ya ƙaddara.

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ina da wani bunsuru da na yi kiwo tun yana ƙarami, ya yi ƙiba har yana sheƙi, da shi nake shirin sayen zannuwa da kwanuka. Na dube shi, na dubi Jatau yana lashe kaskonsa, na ji ba zan iya tsayawa ina kallo a jefa shi a keji ba. Dabbar da ta yi shekaru tana kwana a waje don mu yi barci. Ranar kasuwa na ba ƙanin maigida bunsurun ya kai, ya dawo mini da kuɗi a ƙulle. Na miƙa wa maigida na ce a kira likita, ya karɓa yana cewa mata dai sai a bar su.

Ranar da likita zai zo na fita da sassafe na zuba ƙanzo, na kira, na kira, shiru. Hantsi ya yi ƙanzo yana nan yadda na bar shi. Na ce wa maigida anya Jatau ya kwana a gida kuwa. Ya leƙa ta saman danga ya ce ga shi can kwance a gindin ɗorawa, me kuma nake so. Na ɗauki mayafi zan je in duba, sai ga ƙarar babur. Nan take maigida ya tsare ƙofa, ya ce wannan aiki ba na idon mata ba ne, ga baƙo, ga ƙaninsa, in koma ciki in dama musu fura. Ni ma gaskiya kunya ta kama ni, don ba abin da mace za ta tsaya kallo a gaban ƙanin miji ba ne. Na koma ciki.

Abin da ya faru a bayan gida daga baya aka ba ni labari. Ƙanin maigida ya yaudari karen da ƙashin miya, ya zarga masa igiya, aka ɗaure bakin. Likita ya tambaya ko wannan ne, maigida daga can nesa, riga a tattare, ya ce shi ne, ai ko a cikin duhu ya san karensa. Aka yi allura, kare ya yi barci, aka gama aiki lafiya. Likita ya bar ƙwayoyin magani, ya ce a kwantar da shi a inuwa kada a bar shi ya yi ta lasar wurin, ya sha furarsa ya tafi. Maza suka zauna a zaure suna yaba kansu. Ina jiyo maigida yana cewa yanzu sai ya ga ƙafar da Jatau zai sake fita yawo da ita.

Bayan la'asar na zagaya bayan danga don in kwashe kasko. Ina sunkuyawa sai na ji an shinshina mini ƙafa. Jatau ne, jiki duk ƙarangiya, ya zo da ɗan gudunsa ras, ya sa kai a kasko yana ci. Na dube shi gaba, na dube shi baya, babu abin da ya ragu a jikinsa. Na nufi tsohuwar bukkar da aka kwantar da majinyacin, na leƙa. Ga jan kare mai farin ƙirji yana numfashi a hankali, kunnuwansa biyu lafiya lau.

Na tsaya a bakin zaure na yi sallama, na ce, "Malam, ashe likitan nan har kunne ya ɗinke masa?"

Ya ce, "Wane kunne kuma?"

Na ce, "Fito ka gani, mai gidan ya dawo daga tafiya."

Ban taɓa ganin fuskar maigida kamar ta ranar ba. Ya dubi na kasko, ya dubi na bukka, ya sake duban na kasko. Ƙaninsa kuwa ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Muna cikin haka sai muka jiyo fito daga wajen gonar wake. Maƙwabcinmu ne yake neman karensa da bai gani ba tun safe. Na cikin bukka ya ji fiton ubangidansa, ya miƙe da ƙyar, ya fito yana tangaɗi, ƙafafun baya a ware.

Ba sai na faɗi irin faɗan da aka yi ba. Mutumin nan ya ce an cuce shi, an kashe masa iri, da gangan aka yi don ya kai ƙara, kuma yau ɗin nan sai Jatau ya shiga keji. Aka aika wa mai unguwa, ya zo da kansa. Ni ina bayan ƙyauren zaure ina jin komai, ga bunsuru ya riga ya tafi, ga Jatau yana nan yadda yake, ga wa'adi ya kusa.

Mai unguwa ya sa aka kawo karnukan biyu aka tsayar a gabansa. Ya daɗe yana gyara rawani a bakinsa, na san dariya yake ɓoyewa. Sannan ya tambayi maƙwabcinmu a cikin biyun nan wanne ya gani a gonarsa. Ya ce ja. Mai unguwa ya ce duka jajaye ne, ya nuna guda ya rantse. Mutumin ya duba, ya duba, ya kasa ɗaga hannu. Mai unguwa ya ce to waye a nan zai iya bambance su. Maigida ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, sai dai mai ɗakina."

Daga bayan ƙyaure na gaishe shi, na ce mai yagaggen kunne shi ne namu. Ɗayan kuma ɗansa ne, karyar maƙwabci ce ta haife shi a shekarar da Jatau ya tare a bayan gidansu har sai da na riƙa aika masa ƙanzo can. Zaure ya ɗauki dariya, zancen irin farauta ya mutu a wurin. Da na ga bakina ya buɗe sai na ƙara da cewa, "Ranka ya daɗe, duk wannan na ji, amma bunsuruna fa?"

Mai unguwa ya ce tunda mai ƙara bai iya nuna mai laifi ba, maganar keji ta tashi, a jira a gama girbi a yi wa Jatau nasa. Zancen bunsuru kuwa ya ce wannan shari'ar cikin gida ce, ta fi ƙarfinsa.

Kafin a gama girbi karen maƙwabci ya warke, ya rage yawo, ya murmure, kullum yana kwance a ƙofar gida. Wata rana sai ga matarsa da ƙwaryar wake, ta ce in ji maigidanta, cewa kawai ya yi a kawo. Da aka sake neman likita ya ce in gidaje da yawa suka haɗu ya zo rana ɗaya, kuɗin kowa zai ragu sosai. Haka aka yi, masu karnuka suka haɗa kai. Na Jatau daga buhun gyaɗar maigida ya fito. Ranar kuwa shi da kansa ya zo ƙofar ɗakina ya ce in fito in nuna musu. Na ɗaura wa Jatau tsumman zani a wuya, na nuna, sannan na koma ciki. Bayan sati na tashi na tarar da 'yar akuya ɗaure a turkena, maigida yana ta gyaran fartanya kamar bai san da ita ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, duk dabbar da ka ajiye tana yi maka aiki tana da haƙƙi a kanka. Ka san kamanninta, ka ɗan ajiye mata wani abu saboda ranar lalura tun kafin a kai ka ƙara, in kuma ba ka santa ba, ka tambayi mai ba ta abinci ko da tana bayan ƙyaure. Maigida ma ya ɗauki darasin. Jatau ya tsufa a gidanmu har haushi ya gagare shi. Wata safiya maigida ya shigo jikinsa a sanyaye, ya ce ya tarar da shi a gindin ɗorawa ya mutu. Hawaye na zubo mini, amma bakina bai bari ba, na ce ya tabbata shi ne kuwa.

Ya ce, "Shi ne. Na tsuguna na duba kunnen."