Kilishi da Turare a Ƙofar Shugabar Kwamiti

A wancan lokacin ni dillalin motoci ne a Plumstead, nan ƙasar Turawa. Ina sayen tsofaffi a wurin gwanjo, in gyara, in loda a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Ba wanda ya ɗaga ni, da gumina na tsaya, kuma na yi imani babu abin da ba ya daidaituwa idan mutum biyu suka zauna. Mahaifina mafarauci ne, cikin karnuka na tashi, shi ya sa da na samu gida mai fili a baya na sayi 'yar karya irin ta Azbin, doguwa, siririya, ja wur. Ba ta shiga cikin gida, nata ɗakin na gina mata mai ɗumi. Abokaina na masallaci sun sha yi mini tsiya, wai Alhaji ya bar Marsandi ya koma kare.

Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyata ce ta hango ta ta kan shinge, ta ce zunubi ne a ɓoye irin wannan halitta. Ita ta shigar da ni ƙungiyar masu gasar nuna karnuka, ta koya mini yadda ake tsayar da kare a gaban alƙalin gasa. Karyar nan tana son fili. Da ta ji idon jama'a a kanta sai ta miƙe wuya, ta riƙa tafiya kamar ba ta taɓa ƙasa. Muka fara ci, har ana cewa saura kaɗan ta kai babbar gasa.

Da hunturu fatarta ta soma tsagewa, na shafa mata man kaɗe kamar yadda ake yi wa yara a gida. Alƙalin gasa ya shafa bayanta, ya duba tafinsa, ya tambaye ni, na faɗa masa gaskiya. Ashe dokarsu ta hana shafa wa kare komai a ranar gasa. Aka miƙa ni ga kwamitin ladabtarwa. Maƙwabciyata ta ce abin bai kai ya kawo ba, gargaɗi ne kawai, in je ranar zama in ce ban sani ba, kada in yi komai kafin nan.

Ni kuwa na ga rashin ladabi ne mutum ya yi laifi ya zauna a gida yana jiran a kira shi. Na nemo gidan shugabar kwamitin, na ɗauki wani dattijo ɗan garinmu, muka tafi ban haƙuri da kilishi da turare mai kyau. Da ta buɗe ƙofa ta gane ni, fuskarta ta sauya. Dattijon bai gama gaisuwa ba ta tambayi yadda aka yi na san gidanta, ta ce mu kwashe kayanmu mu tafi. A kasuwa ban taɓa ɗaukar ƙin farko da muhimmanci ba. Na ajiye jakar kilishin da turaren a bakin ƙofa, muka juya.

Ranar zama da ƙyar aka ambaci man kaɗe. Maganar cin hanci aka yi, da tsorata mace a gidanta. Suka dakatar da ni shekara biyar, ni da duk karen da ke ƙarƙashin sunana. Bayan nan maƙwabciyata ta kawo mafita: in amsa kuskure, in mayar da karyar sunanta, ita ta ci gaba da kai ta gasa, ƙungiyar ta yarda. Na ɗauke shi tayin farko, na ce idan na matsa za su sauko. Matata ta ce Alhaji, wannan ba mota ba ce. Ban saurare ta ba, na ɗauki lauya.

Lauyan bai ruɗe ni ba. Ya ce kotu ba ta duba ko hukuncin ya yi tsauri, abin da take dubawa kawai ko an bi hanya. Ya kuma samo kafa ɗaya: shugabar ita ce mai ƙorafi, kuma ta zauna cikin masu yanke hukunci. Ina shigar da ƙara ƙungiyar ta janye tayinta. Aka yi ta ɗage zama. Aka kira maƙwabciyata shaida, dole ta faɗi cewa ta gargaɗe ni, tun daga ranar ko ta kan shinge ba ta ƙara leƙowa ba. A ƙarshe na yi nasara, kotu ta soke hukuncin, ta ce wani kwamiti ya sake zama. Sabon kwamitin ya saurare ni cikin mutunci, ya sake ba ni shekara biyar, daga ranar.

Shekarun kare ba kamar namu ba ne. Yanzu bakinta ya yi furfura, ƙafar baya tana ja. Har yau idan na buɗe bayan mota ranar Asabar, ranar da muka saba zuwa gasa, sai ta taso ta tsaya, ta miƙe wuya, tana jira.

Ban taɓa nufin cin hanci ba, Allah shaida ne, amma niyyata ba ta shiga filin gasa a madadin karyar ba. Ɗan'uwa da ke zaune a ƙasar nan, idan maganarka tana gaban wani kwamiti, na makaranta ne ko na ƙaramar hukuma, kada ka taka ƙofar kowa, komai kyan zuciyarka. Idan kuma aka buɗe maka hanya, kafin ka ce sai kotu, duba wanda zai tsufa yana jiranka.