Fuskar Ya Kaltume a fim ɗin Yagana

Ni ba mai karatu ba ne. Facin taya nake yi a bakin titi a Galtimari tun ina saurayi, yanzu ga furfura. Abin da zan faɗa a nan ko matata ban zauna na faɗa mata ba.

A Yerwa na tashi, a hannun kakata, Kaka Fanna. In an yi magariba an ci burabusko, ba ta bari a kashe murhu. Sai ta jawo tabarma, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Da Kanuri take fara tatsuniya, in 'ya'yan maƙwabta sun shigo ta juya zuwa Hausa don kowa ya samu. Har yau in na ji ƙaurin gyaɗa, muryarta nake ji.

"Ku naɗe ƙafafunku," take cewa, "ga ta nan tafe."

Wadda muka fi roƙo ita ce ta mai neman wuta. Wai a wani ƙauye, duk faɗuwar rana sai wata mata ta tsaya a ƙofar gida da tsingaro a hannu, rabin fuskarta a ƙone, ta ce, "A sammin wuta." Babu wanda ya san daga ina take. Aka ce wanda ya ba ta ba zai kwana ba, kowa ya riƙa rufe ƙofa. Duk gidan da aka hana ta kuwa, da safe murhunsu ba ya kamawa. A nan Kaka take ƙanƙance murya, mu kuma mu cukuikuyi juna.

Tana da ƙarshe. Wata makauniya ce ta ce mata, "Shigo ki zauna, ki ci abinci tukuna." Ashe garin su matar ne ya ƙone, tana da jinjiri a bukka bayan gari, kunu take so ta dama masa. Da aka ba ta garwashi, murhun kowa ya kama.

"To ku faɗa min," in ji Kaka, "wa ta ci? Tambaya kawai ta yi."

Mu ba ma son wannan wurin. Gyaɗa muke wawaso.

Bara 'yata Yagana ta kai ajin ƙarshe a jami'a. Aka ce su haɗu su biyar su yi gajeren fim, suka zaɓi na ban tsoro. Na ga wahala da idona. Janareta in ya tashi ba a jin magana, in an kashe shi ba a ganin kowa. Jinin da suka haɗa da zoɓo da sitaci ƙuda ya cinye. Ran nan 'yan sintiri suka tare su saboda addar katako, sai da na rufe rumfa na je na yi bayani. Labarin ma ba su da shi, sai kwaikwayon na waje. Yagana ta ce, "Baba, ba ka da wani tsohon abu na gida?" Na ba ta mai neman wuta, na tsaya daidai inda murhu ya mutu.

"Shi ke nan ƙarshen?"

"Shi ke nan," na ce. Na san ba shi ke nan ba. Gani na yi makauniya za ta ɓata musu tsoron.

Sai yarinyar da za ta fito a matar ta janye, dangin wanda zai aure ta sun hana. Dama allin da gawayin da ake shafa mata zufa ke wanke su kafin a kunna kyamara. Yagana ta zauna a rumfata tana kuka, lokaci ya ƙure. A nan na buɗe baki na ce, "Ga Ya Kaltume can, ita ai ba ta buƙatar kwalliya."

Ya Kaltume mai ƙosai ce a tsallaken rumfata. Gudun hijira ya kawo ta daga ƙauyensu da jika ɗaya, tabon wuta daga kunne har haɓa. Ni na je na lallashe ta. Na ce wasan yara ne, malamansu kaɗai za su gani.

"Ba Modu, in kai ka ce, to," in ji ta, don haka ake kirana a unguwa.

Fim ya yi kyau, an yaba wa Yagana. Sai ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fim ɗin ya tura wa abokinsa, kafin sati ya shiga kowace waya a unguwa. Yara suka fara tsayawa nesa da kaskon Ya Kaltume suna "A sammin wuta" suna gudu. Mata suka daina aikowa. Wata ta ce dama ita ta daɗe ba ta yarda da idon matar nan ba. Ina zaune ina kallo ƙosai yana hucewa a faranti, har ta kwashe kayanta ta koma can bakin tasha inda ba a san ta ba.

Yagana ta roƙi abokanta su goge, amma abin da ya shiga wayar mutane ya shiga. Ba na ganin laifinta, rabin labari na ba ta. Na daɗe ina zaton Kaka tsoro take ba mu don mu daina yawo da magariba. Sai yanzu na gane ƙarshen nan da muke watsarwa, saboda shi take hura wutar.

Kullum da safe yanzu sai na taka har tasha na sayi ƙosai. Makon jiya Ya Kaltume ta ce, "Ba Modu, fim ɗin yana cikin wayarka? Ni ban taɓa gani ba."

Na so na ce babu. Na miƙa mata. Ta goge hannu da zani, ta kalla tun daga farko har ƙarshe, mai yana ƙonewa a kasko ba ta duba ba. Da ya ƙare ta dawo min da wayar.

"Ashe haka kuke ganina," ta ce.

Na mayar da wayar aljihu. Ta ƙulle min ƙosaina, ta ƙara biyu gyara, ta ce na gaida Yagana.