Kajin Inna da Maganin Baba

Wata safiyar Asabar a damunar shekarar 2000, muka tashi muka tarar ciyawar bayan gidanmu a Agege tana motsi. Tsutsotsi ne koraye, sun rufe ko'ina, har sun hau bangon makewayi da igiyar shanya. Filin bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, amma a gidan haya irin namu abin alfahari ne. Baba ne ya dasa ciyawar kiri-kiri a wurin saboda mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, tun da ya ɗauko ta daga ƙauye ta ce simintin Legas yana sa mata ciwon ƙafa.

A nan Inna take wuni da kajinta. Uwarsu wata wake-wake ce da ta riƙo a kwando tun daga gida, kuma kowace kaza tana da suna. Aikina kullum kafin in tafi makaranta shi ne in share akurki, in wanke kaskon ruwa, in watsa musu dusa. Da yamma muna 'yar carafke a gefenta, tana tsince alayyafo tana yi wa kajin faɗa kamar jikoki.

Ranar da tsutsa ta zo kajin suka yi ta wawaso, Inna tana dariya. "Ka bar su, Allah ne ya kawo musu tuwo," ta ce wa Baba. Amma kwanaki suka wuce ciyawa tana ƙonewa, tsutsa tana hawa tabarmar sallarta, wata ma ta bar mata borin jini a wuya. Baba ya kasa jurewa. Da ya taso daga mayanka inda yake fawa, ya sayo maganin ƙwari na fiya-fiya a hannun wani mai talla cikin motar haya ta danfo, ya sa muka kulle kajin, ya fesa ko'ina. Mu yara muna ta tsalle ganin tsutsa na zubowa.

Washegari wari ya tafi, Baba da kansa ya buɗe akurki. Ba wanda ya tuna da matattun tsutsotsin da ke kwance cikin ciyawa, kajin suka cinye. Kafin la'asar kajin sun fara layi suna dalalar da miyau. Inna ta yi ta ɗura musu manja da cokali, amma duk suka mutu, wake-waken ma a kan cinyarta ta cika.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi kwanansu ne ya ƙare, kuma kada wanda ya ci. Baba, mutumin da kullum yake kayar da shanu, ya kasa ɗaukar gawarsu, sai maƙwabcinmu ne ya binne. Ya daɗe ba ya iya cin abinci a gabanta. Da ya sayo mata wasu kajin ta yi godiya ta sa albarka, tana ba su dusa, amma ba ta raɗa wa ko ɗaya suna ba.

Yau an gina shaguna a filin, ni kuma ina zaune a bene a Ojo, 'ya'yana ba su san kaza ba sai a firji. Inna ta daɗe da rasuwa, Baba ya tsufa, kuma har yanzu in zancenta ya taso sai ya sunkuyar da kai ya ce da ma ta zage shi. Wani haƙurin ya fi faɗa nauyi.