Jiniyar da Ta Kwashe Mini Masu Sauraro

Ko zan manta hanyar gidanmu, ba zan manta ranar da na fara yi wa ma'aikata lacca a kan ritaya ba. Lokacin na rubuta ɗan littafi kan yadda ake shirya wa ajiye aiki, littafin da ni da maiɗakina kaɗai muka karanta, ita ma don a zauna lafiya. Sai manajan wani kamfanin robobi a Sharaɗa ya gayyace ni in yi wa dattawan da suka kusa ritaya magana. Ya ce in abin ya yi armashi zai haɗa ni da abokansa na Challawa da Bompai, in bai yi ba, to Allah ya ba da lada.

Na sha babbar rigar da za ta rufe adaidaita sahu biyu. Aka tara mini su a ɗakin cin abinci, aka yafe musu aikin ranar. Ina tsaka da zuba bayani kan kiwon kaji sai jiniyar canjin aiki ta ɗauka. Kafin in rufe baki ɗakin ya zama wayam, har da mai ciwon gwiwar da aka riƙo wajen shigowa. Daga ni sai manaja, yana duban agogo. Na ce a raina, shi ke nan, sana'a ta mutu ranar suna.

Can sai ga su suna dawowa, kowa na sosa ƙeya. Babbansu ya ce, "Malam, yi haƙuri, ba mu muka tashi ba, ƙafafu ne. Sai a gaban inji muka tuna yau ba mu da aiki."

Na ce, "Baba, ai kun kusa hutawa da jiniyar nan."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ita ke ce mini tashi, ita ke ce mini ci abinci. Ranar da babu ita, wa zai ce?"

Babu amsar a littafina. Na ninke takardata, na ce kowa ya faɗi abin da zai fitar da shi daga gida safiyar farko bayan ritaya. Wani ya ce gona, wani karatun zaure. Baba ya ce zai riƙa kai jikokinsa makaranta, abokansa suka ce wallahi kafin asuba zai kai su. Har la'asar ana dariya, manaja ya manta da agogonsa. Sati na zagayowa ina Bompai.

Tun ranar na gane wannan aikin da kunne ake fara shi. Kafin in yi wa mai ritaya maganar kaji, sai na tambaye shi wa zai zama jiniyarsa.