Orlan Hoekstra da Mutum na Sittin da Ɗaya

Orlan Hoekstra bai taɓa goyon bayan ɗan takarar da ya kai labari ba. Shekara talatin da biyu yana shugabantar taron mazaɓarmu a nan jihar Iowa ta Amurka, taron da muke yi duk shekara huɗu don fidda gwanin jam'iyya na shugaban ƙasa, kuma duk wanda Orlan ya manna hotonsa a jikin rumbun masararsa, to a fara yi wa iyalinsa jaje. Na sha ce masa, "Orlan, in kana ƙaunar bawan Allahn nan, ka taimake shi ka koma wajen abokin hamayyarsa."

Sai ya gyara hula ya ce, "Wilma, ke ko an binne ki sai bakinki ya ƙara kwana uku yana aiki."

Gonarsa na jikin tamu. Masara yake nomawa, yana kiwon aladu, lokacin sanyi kuma yana tuƙa motar 'yan makaranta. Ya auri Lorene Stangl, mace mai kaifin kai, wadda ke dafa masa abinci kullum amma ba ta taɓa tsayawa rukuni ɗaya da shi ba. Littafin dokokin jam'iyya kuwa yana aljihun rigar sanyinsa, ya sha naɗi har bangonsa ya yi laushi kamar tsumma.

Mu ne na farko a jerin jihohi, don haka wata shida 'yan takara na mana sintiri, suna cin kek ɗinmu suna yabon aladunmu, washegarin taro su ɓace. Kuma mu ba ƙuri'a muke jefawa ba, tsayuwa muke. Ƙarfe bakwai na yamma a rufe ƙofa, a ƙirga mutanen da ke ciki, kowa ya je kusurwar gwaninsa a gaban maƙwabta da surukai. Rukunin da bai kai kashi goma sha biyar cikin ɗari ba ya mutu, ba shi da wakili. Wanda ya kai, sai ya zaɓi wakilinsa daga cikinsa, ya tura shi taron gunduma.

Wannan wakilcin Orlan ke so. Ba babban taro na ƙasa ba, inda ake sakin balan-balan. Taron gunduma kawai, a zauren makarantar sakandare, da kati a wuya mai sunansa. Sau takwas yana rubuta sunayen wasu a takarda yana sa hannu a ƙasa, rukuninsa kuwa ko yaushe sai ya mutu a hannunsa.

A wannan shekarar ya cika saba'in da huɗu. Likita ya hana shi ɗaga buhu, ya bar wa ɗan ƙanensa gona, kuma 'yarsu ta gama shirya musu ɗaki a Arizona, inda mutum ke jefa ƙuri'a a akwati ya tafi gida kamar wanda ya aika wasiƙa. Wannan ne taronsa na ƙarshe, kowa ya sani. Gwaninsa wani gwamna ne mai maganar da ke sa jarirai barci. Orlan ya bi gida gida cikin ƙanƙara har ya haɗa mutum tara, da shi a ciki, kuma duk takwas ɗin sun yi masa alkawari: in rukuni ya tsira, shi ne wakili.

Ranar taron, wata Litinin, a zauren wasanni na firamare, ni ce a tebur bakin ƙofa ina rubuta masu shigowa. Saura minti biyu bakwai ta cika Orlan ya sunkuyo.

"Nawa?"

"Sittin cif."

Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Kashi sha biyar na sittin, tara ne daidai, ba ragi ba ƙari. Ya ciro mabuɗi, ya nufi ƙofar gilashi. Nan ya tsaya.

Na leƙa. Can a filin ajiye motoci, ga Ardis Bruhn, tsohuwar malamarmu ta lissafi, shekara tamanin da tara, tana turo ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da take dogarawa, taku ɗaya, hutu ɗaya. A ƙirjinta ga bajon Sanata, gwanin Lorene, faɗinsa ya kai murfin tukunya.

Ni ba gwanar lissafi ba ce, Ardis ɗin ma shaida ce, amma wannan na iya shi. In ta shigo mun zama sittin da ɗaya. Kashi sha biyar ya zama tara da ɗan ɓurɓushi, doka kuwa ba ta san ɓurɓushin mutum ba, sama take cikawa. Goma ke nan. Orlan na da tara.

"Rufe," na ce masa a hankali.

Bai motsa ba.

"Orlan, bakwai ta buga. Dubi agogon bango. Rufe ƙofar nan."

"Doka ta ce duk wanda ke kan layi ƙarfe bakwai a bar shi ya shigo."

"Wane layi? Kana ganin layi? Tsohuwa ce ɗaya a tsakiyar fili, ko matakala ba ta kai ba. Ba wanda ya gan ta sai ni da kai, ni kuma idona ya daɗe da lalacewa."

Ya dubi agogo, ya dubi mabuɗi. Bayanmu mutane na ta surutu, ana zuba kofi, ba wanda ya kula. Ya sa mabuɗin a rami, na ji ƙarar shigarsa. Ardis ta ɗago kai ta hango shi, ta ɗaga hannu ɗaya, ƙarfen ya yi tangal-tangal a kan ƙanƙara.

"Mutum ɗaya ma layi ne," in ji shi. Ya zare mabuɗi ya tura ƙofa, sanyi ya bugo mu.

Minti huɗu ta ɗauka kafin ta iso. Ya riƙe mata ƙofa duk tsawon lokacin. Da ta shigo ko godiya ba ta yi ba, sai ta ce, "Hoekstra, har yanzu ba ka koyi zuba gishiri a matakala ba? So kake in karye?"

"Sannu da zuwa, Malama."

Na rubuta ta. Orlan ya wuce gaba ya sanar da murya kamar ta mai karanta sunayen mamata: mutum sittin da ɗaya, rukuni na buƙatar goma. Lorene na can kusurwar Sanata da tulin mutanenta. Na ga ta ƙirga kusurwar mijinta da ido, ta sake ƙirgawa, sannan ta rufe baki da hannu.

Aka tsaya, aka ƙirga. Sanata ya tsira, Farfesar da nake bi ta tsira, Gwamna tara. Dokar wannan shekarar ta ɗaure mu: wanda rukuninsa ya tsira ba ya motsi. Ko ni ko Lorene ba mai iya tsallakawa ta cece shi. Saura mutum uku da suka tsaya a tsakiyar fili, ƙarƙashin ragar ƙwallo, waɗanda ba su tsai da gwani ba. Orlan ya ajiye agogonsa a tebur ya ce minti sha biyar.

Biyu daga cikin ukun mata da miji ne, baƙi a garin. Kafin Orlan ya gama gabatar da kansa mutanen Sanata sun yi gaba da su, har da ba su kujera da kek. Na ukun shi ne Merle Stangl, ƙanen Lorene, mai gyaran tarakta. Merle bai taɓa karanta ko takarda ɗaya ta ɗan takara ba. Yana zuwa taro ne don a roƙe shi.

"Merle," in ji Orlan.

"Ranka ya daɗe, Shugaba! Mijin yaya da kansa? Yau wace rana!"

"Mutum ɗaya nake nema."

"Ai na gani. Tara kuke kamar kajin da aka manta a waje. Wannan gwamnan naka, me ma sunansa?"

Orlan ya fara yi masa bayanin tsarin gwamna kan farashin masara da asibitocin karkara. Merle na saurare yana sakace haƙori. Na duba agogo, saura minti takwas. A kusurwar Gwamna mutum biyu sun fara ɗaukar rigunansu, idonsu na kan rukuninmu. In ɗaya ya sulale, shi ke nan.

"Ku tsaya inda kuke!" na daka musu tsawa. "Wanda ya motsa sai na faɗa wa garin nan abin da na sani a kansa." Suka ajiye riguna.

"Merle, don Allah," Lorene ta kira daga nesa. "Taka ka je. Ƙafa goma ce."

"Yaya, ke da kike wani rukuni, ina ruwanki?" Ya juyo. "To, Shugaba, zan zo. Amma ka san ni ba na tsayuwar banza. Ni ne wakili."



"Kai ko kunya babu?" na ce. "Kai da ko taron coci ba ka iya zama ba barci?"

"Wilma, cinikin maza muke. Doka ta hana? Shugaba, buɗe littafin naka ka duba."

Ba sai ya buɗe ba. Doka ba ta hana ba, an sha yin haka a gabansa. In ya ƙi, Gwamna ya tashi ba wakili a mazaɓarmu, shi ma ba wakilci. In ya yarda, Gwamna ya samu, shi dai babu. Wata daga cikin mutanensa ta matso ta ce, "Orlan, ka ce masa to, in an zo zaɓe mu takwas mu zaɓe ka. Me zai yi?"

Ni ma abin da zan ce ke nan, ta riga ni.

Saura minti uku. Orlan ya cire hula, ya shafa kansa.

"In na ce to, to ce," in ji shi. "Merle, za ka je taron? Ranar Asabar ce, tun tara na safe, har yamma. Ba za ka gudu da rana ba?"

"In akwai abinci."

"Akwai."

"To."

Merle ya tako a hankali, yana ɗaga hannu kamar wanda ya ci dambe, ya tsaya a kusurwar Gwamna. Orlan ya ƙirga su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, da kansa a ƙarshe. Goma. Aka zo zaɓen wakili, shi ya fara ɗaga hannu wa Merle. Sauran suka bi, ba don suna so ba. Ya zo teburina ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe, ya sa hannu a ƙasa, alƙalamin ya huda takardar.

Ardis ta farka daga gyangyaɗi ta tambayi wa ya ci. Aka ce Sanata. Ta ce dama ta sani, a kira mata mota.

Kwana tara bayan haka Gwamna ya sha kaye a jiha ta biyu ya janye. Na je gidan Orlan don in yi masa tsiya, na tarar da shi a kicin ya zaunar da Merle, yana koya masa abin da wakili ke yi in gwaninsa ya janye. Merle na cin kek ɗin Lorene yana gyaɗa kai a inda bai kamata ba. Na tsaya a bakin ƙofa da maganata a baki, na rasa ta inda zan fara. Orlan ya ɗago ya ce in dai zan tsaya, in rufe ƙofa, sanyi na shigowa.