Keziah Mai Waƙar Rakiya

Tudun Ɗorawa ƙauye ne tsakanin Bagwai da Rimin Gado, inda gona ke jingine da gona, ba ka raba ta wani da ta wani sai da layin gamba. Cocinsu ginin ƙasa ne da rufin kwano, benci goma sha shida a ciki. Da can, wanda ya makara sujada sai dai ya tsaya a taga. Yau benci biyar ake zama a kai, sauran an jingine su a bango.

A nan aka haifi Keziah, a nan ta yi aure, a nan ta binne miji. Iyayenta masu bin al'adar kakanni ne, ita kuwa ta shiga coci tana amarya. Muryarta a bakin dutsen niƙa ta samo ta. Uwarta kan jefa baiti tana tura dawa, 'yan mata su amsa, kafin gari ya cika ƙwarya an yi wa rabin unguwa waƙa.

Ranar da Keziah ta fara bin gawa a cikin 'yan coci, sai ta ji ana jan wata waƙa daga littafi, mutum uku ne kawai suka iya karatu, sauran suna gunguni a baya. Abin ya tsaya mata a rai. Sai kawai ta ɗaga murya da karin niƙa, ta kira sunan mamacin, ta faɗi gonarsa da 'ya'yansa. Mata suka dubi juna, suka amsa da abin da ta sa musu a baki: "Gida za shi, Yesu na bakin ƙofa." Daga ranar aka sami abin da ake kira waƙar rakiya, daga ƙofar gida har bakin kabari.

Aikin kashi biyu ne, bayarwa da amshi. Amshi ba ya canjawa, ko yaron goye ya san shi. Bayarwa kuwa sabuwa ce ga kowane mamaci, a kan hanya ake ɗinka ta, ba a maimaita ta wani ga wani. Kuma ba a amshi sai an bayar. Da Ɗanasabe mai fadama ya rasu, cewa ta yi: "Ka bar rake ya kai yanka, wa zai kori awakin maƙwabta?" Mutane suka yi dariya da hawaye a fuska, don kowa ya san yaƙin Ɗanasabe da awaki. Mamaci saba'in da ɗaya ta raka haka, zumuntar mata arba'in da uku a bayanta, ana buga bakin tulu da ƙunshin tsumma, kacau-kacau na tashi.

Ba wanda ya taɓa tunanin a koya wa wata. A garin ba a koyar da bayarwa, yarinya takan tsince ta ne a bakin dutse. To, injin niƙa ya zo. Gonaki aka yi ta rabawa magada har kason mutum ya kasa ciyar da gida, matasa suka sayar suka nufi Kano. Zumuntar mata ta dawo mutum tara, ƙaramarsu tana da jika.

Sai muryar ta tafi. Tari ne ya fara da damina, daga nan ta disashe. A asibiti a birni aka ce wani tsiro ne a maƙogwaro, ko an cire ba lallai muryar ta dawo ba. Ta komo gida da ƙwayoyi a leda, tana magana kamar mai raɗa.

A lokacin ne yayanta Buwai ya kwanta ciwon ajali. Ta je duba shi, ta tarar da shi a tabarma ya jingina da buhun gero.

"Kezi," ya ce, "kin raka kowa. Ni fa?"

"Ka jira muryar ta dawo, Yaya."

"Dube ni da kyau. Kin ga alamar mai jira?" Ya yi tari, ya nuna ta da yatsa. "Abu ɗaya, kada ki sa maganar jakin nan."

Shekarun baya jakinsa ya taɓa zubar da shi a kududdufi ranar kasuwa, a gaban surukansa.

"Da shi zan fara," in ji ta.

Ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Keziah ba mai zama ba ce. Ta tara matan nan tara a gindin ɗorawa, ta ce yau kowa sai ta bayar. Ta raɗa musu yadda ake yi: suna tukuna, sai gona, sai 'ya'ya, sai ɗan abin dariya, sannan a miƙa shi ga Mai Ceto. Ta farko ta kira sunan Buwai, ta tsaya. Ta biyu ta kai gona, karin ya kuɓuce mata. Ta uku dariya ta kama ta, ta rufe fuska da zane.

"Yaya, mu 'yan amshi ne," in ji mai buga tulu. "Ki jefo mu cafe. Tsufa ya kama mu a baya, yanzu za ki tura mu gaba?"

Fasto Reuben, wanda ke zagaya coci uku a kan babur, ya ce ai akwai waƙoƙin jana'iza masu kyau a littafi. Keziah ta gyaɗa kai don girmamawa. Ba littafin da ya san Buwai ya yi jaki.

Buwai ya rasu bayan an yanke gero. Jikar Keziah, Joyce, mai ɗinki a Kano, ta zo da motar safe, ta tarar da kakarta tana kurɓar ruwan ɗumi da zuma.

"Tsohuwa, ki bar wahalar da kanki."

"Ke da ko amshi sai kin duba waya, me kika sani?"

Baitocin suna nan a kan Keziah, ta jera su tsaf, har da jakin. Aka fito da gawa, tulu ya ɗauka. Keziah ta tsaya a inda ta saba tsayawa, gaban mata, bayan makara. Ta ja numfashi, ta buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Ta sake. Matan suna tafe da amshi a bakinsu, suna kallon ƙeyarta.

Joyce ta kasa jurewa. Tun ranar binne Ɗanasabe ta ɗauki muryar kakarta a waya, kuma tana da 'yar lasifika a jaka. Ta haɗa, ta ɗaga sama. Muryar Keziah ta tashi da ƙarfinta na da, ta ratsa karan dawa har bakin rafi. Matan suka amsa kamar su arba'in ne. Masu makara suka miƙe kafaɗa.

Keziah kaɗai ta gane waƙar wa ce tun daga jan numfashin farko. Ta juyo tana ɗaga hannu, tana cewa a kashe, ba wanda ya ji ta. Sai muryar ta kira Ɗanasabe mai fadama, ta ce ya bar rake ya kai yanka.

Matar Ɗanasabe, wadda ke cikin taran nan, ta zauna daɓas a tsakiyar hanya ta fasa kuka sabo. Obed, babban ɗan Buwai, ya waiwayo daga gindin makara.

"Wa muke rakawa ne? Ba babanmu ba?"

Joyce ta kashe. Sauran hanyar tulu ne kaɗai ya yi magana. Fasto ya yi addu'a, aka rufe Buwai ba a kira sunansa da waƙa ba. Washegari Joyce ta durƙusa ta ba da haƙuri, Keziah ta shafa kanta, ta ƙulla mata gyaɗa, ta koma Kano.

Bayan an watse zaman makoki, Keziah na zaune a tsakar gida da hantsi sai ta ji waƙa ƙasa-ƙasa ta bayan darni. Rahmatu ce, 'yar ƙanen babanta, daga ɓangaren dangin da suka musulunta tun da daɗewa. Tana surfe, tana rerawa da karin niƙa: Buwai mai gonar tudu, 'ya'ya shida, jaki ya kai ka wanka ba ka shirya ba. Suna, gona, 'ya'ya, abin dariya. Komai a wurinsa. Daga nan sai ta yi shiru, taɓarya ta ci gaba.

Keziah ta lallaɓa ta kama darnin.

"Rahmatu. A ina kika koya?"

"Yaya, dutse ɗaya muka yi niƙa. Kuma duk tsawon zaman nan ta kan dangar nan kike hana ni barcin rana."

"Kin tsaya a rabi."

"Sauran ba nawa ba ne."

Keziah ta dubi turmin.

"Duk garin nan ke kaɗai kika iya," ta raɗa. "In tawa ta zo fa?"

Rahmatu ta jingine taɓarya, ta goge hannu a zane.

"Kin san ba zan iya shiga rakiyar makararku ba, Yaya. Zan zo da asuba in ɗebo ruwa, in dafa wa baƙi. Tuwon ba zai yi gudaji ba, na yi miki alkawari."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan abin da ke hannuna."

Keziah ta gyaɗa kai. Ta juya za ta koma, sai ta tsaya.

"To maimaita mini wurin jakin."

Rahmatu ta ɗauki taɓarya ta maimaita. Da ta kai gaɓar amshi ta yi shiru, Keziah ta motsa leɓe a wancan gefen darni, ba abin da ya fito.